Baba Ina-Zuwa Mai Akwatuna

Matso nan, jawo kujera ka zauna. Jakar da ke hannunka ajiye ta a gefe, ba zan tambaye ka inda za ka da ita ba. Mutumin da zan ba ka labarinsa ne ba ya iya wannan haƙurin. Da shi ne a wurina, da tuni ya san motar da za ka hau da wanda zai tarye ka a tasha.

Baba Ina-Zuwa ake ce masa. Yana da sunan yanka kamar kowa, amma sunan ya daɗe da yin ritaya. Ko matarsa, Inna, idan ya ƙure ta, cewa take yi, "Ina-Zuwa, ka fita daga idona." Shagonsa yana kan titin da ya miƙe zuwa tasha, a matse tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran agogo. Shago ne mai tsawo marar faɗi, kamar lungu aka yi niyyar ginawa sai aka sa masa ƙofa. Akwatuna ne jere tun daga ƙasa har rufi, manya a ƙasa, ƙanana a sama, wasu kuma a cushe cikin 'yan'uwansu: ka buɗe babba ka tarar da matsakaici, ka buɗe matsakaici ka tarar da ƙarami yana kwance abinsa. Akwai doguwar sanda mai ƙugiya ta sauko da na sama. Akwai ƙamshin sabuwar roba da na kafur. A bakin ƙofa kuma akwai benci, ƙafarsa ɗaya ta gaza sauran, an tokare ta da tsohuwar tayar akwati. Ka riƙe bencin nan a ranka, don a kansa maganar take.

Da gyaran zif Baba ya fara, yana saurayi, a gefen wannan titin, da filaya da guntun kyandir na shafa wa zif in ya cije. Daga zif ya koma gyaran hannu da taya, daga nan ya shiga sayar da na hannu, har Allah ya buɗa masa ya kama shago ya zuba sababbi. Rabin garin da akwatinsa suka yi tafiyarsu ta farko. Shi kuwa ko nan da can bai taɓa zuwa ba. Sau ɗaya ya hau mota zai je duba wani kawunsa, motar ta mutu a gaban gidan mai na ƙarshe kafin a bar gari. Ya sauko, ya ɗora akwatinsa a ka, ya tako gida a ƙasa, ya ce wa Inna duniya da faɗi take. Har yau in yana magana sai ka ji ya ce, "Lokacin da na yi tafiya."

To ta ina ya san duniya? Ta benci. Baba ba ya sayar wa mutum akwati a tsaye. Sai ka zauna, sai ya dube ka sama da ƙasa, sai ya ce, "Ina zuwa?" Daga nan tambayoyi su yi ta fitowa kamar an kwance buhun gero. Kwana nawa za ka yi? Wa za ka bari a gida? Gidanku bene ne ko ƙasa? Da wane lokaci za ka fita? Maƙwabtanka suna da nauyin barci? Akwai kare?

Kada ka ɗauka surutu ne kawai, kowace tambaya da dalilinta. In ka bar yara a gida, dole akwatinka ya zama da wurin tsaraba, in kuwa ba kowa, ƙarami ya ishe ka. In a bene kake, ba zai ba ka mai nauyi ka karya ƙugu a matattakala ba. In da sassafe za ka fita kuma maƙwabta barcin zomo gare su, zai ba ka mai tayar roba wanda ba ya gurnani a kan siminti. Kare kuwa, ya ce bai taɓa ganin maƙiyin akwatin yadi kamarsa ba. Idan ya gama bincike, sai ya sauko da wanda ya dace da kai, ya kwantar da shi a ƙasa, ya hau kansa ya zauna da dukkan nauyinsa, kuma Baba ba ƙaramin mutum ba ne. In akwatin bai yi ƙara ba, naka ne. Kana fita zai bi ka da cewa in ka dawo ka biyo ka ba shi labari.

Kuma ana biyowa. Ɗalibai, 'yan kasuwa, tsofaffin da suka je ganin jika, duk sukan zo su zauna a bencin su zazzage masa abin da suka gano. Haka ya san garin da ruwansa ba ya kumfa da sabulu, da filin jirgin da ke karya tayoyi, da otal ɗin da ake ba mutum tawul kamar hankici. Wani lokaci yakan haɗa labaran, ya ɗauki tekun wannan gari ya kai wa wancan, amma ba wanda ya taɓa samun zuciyar gyara masa.

Sai zamani ya juya. Mutane suka fara shigowa da waya a hannu, su ɗauki hoton akwati, su latsa, su ce za su dawo. Ba sa dawowa. Wanda ya fi ƙona masa rai wani mutum ne mai tabarau, wanda ya zauna ya amsa tambayoyi duka, har ta kare, ya bari Baba ya hau akwati ya sauka yana haki, sannan ya ciro waya ya yi odar irinsa daga wani wuri, a nan kan bencin. Har da roƙon Baba ya ɗan juya akwatin ya ga sunan kamfanin da kyau. Baba ya juya masa, don ba a yi masa tarbiyyar ƙin taimako ba.

A nan Auta ta shigo maganar. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ta gama karatu, tana da saurin hannu da saurin baki. Ta ɗauki hoton kowane akwati a jikin farin zane, ta buɗe wa shagon shafi a wata babbar kasuwar intanet, irin wadda mutum zai zaɓi kaya yana kwance, ya biya yana kwance, a kawo masa har ƙofa. Baba ya ce ba mai hankalin da zai sayi akwatin da ba a zauna a kansa ba. Ba a daɗe ba wayar Auta ta fara ƙara kamar tsuntsu. Shagon ya cika da kwalaye da ƙarar salatif, wani mai babur mai furfura a gemu yana zuwa yana ɗaure su a bayansa yana wucewa. Ciniki ya dawo, har ya fi na da. Benci ne kawai bai dawo ba. Kwalaye aka jera a kansa.

Wata rana suna cin abincin rana a gida, Auta ta ajiye cokali ta kawo maganar da ta daɗe tana taunawa. Ta ce lokacin sabunta hayar shago ya matso, kuma ita ba ta ga amfanin riƙe ƙofa a bakin babban titi ba, tunda masu sayen yanzu ta waya suke shigowa. Ta samo wani sito a bayan layi, ba taga, ba benci, sai kantocin jera kaya da fitila. Can za a mai da kaya, ita ta riƙa kula da oda, Baba kuma ya zauna a gida ya huta.

Baba ya janye hannu daga kwano. Inna ce ta yi magana, kuma ba don tausayinsa ba.

"Ya zauna a gida? Da wa? Mutumin da in na miƙe zan shiga kicin sai ya ce ina zuwa, in na ce kicin ya ce zan daɗe? Auta, ki ji tsoron Allah."

Auta ta yi dariya, amma ba ta janye ba. Ta ce kafin ƙarshen wata za ta gaya wa mai shagon sun tashi.

Ana cikin haka mura ta kwantar da ita, irin mai toshe hanci da kunne. Ta bar wa Baba aiki mai sauƙi: ya sa akwati a kwali, ya naɗe da salatif, ya manna takardar da injin ya fitar, ya miƙa wa mai babur. Shi ke nan. Ta ja masa kunne kada ya hau kan kowane akwati, ya ce to.

Baba ya ɗauki kwali na farko, ya ɗauki takardar zai manna, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke jiki. Ga sunan mutum, ga adireshin gidansa, ga lambar wayarsa. Ya tsaya da takardar a hannu. A ransa ya ce ashe mutane ne. Shi duk zatonsa wayar Auta ce ke haɗiye akwatunan. Kuma yanzu zai tura wa bawan Allah akwati ba tare da ya san ko a bene yake ba? Shekara da shekaru bai taɓa yin wannan rashin mutuncin ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Ya laluba aljihu ya ciro 'yar wayarsa mai maɓallai.

Ka san Baba bai saba gabatar da kansa ba. A shago duk wanda ya shigo ya san wurin wa ya zo. Saboda haka da aka ɗauka, sai ya yi sallama, ya karanto wa mutumin sunansa da lambar gidansa da layinsu don ya tabbatar, sannan ya gyara murya cikin fara'a ya ce ya samu labarin za a yi tafiya. Kwana nawa za a yi? Wa za a bari a gidan?

Mutumin ya tambaya wa ke magana. Baba ya ce ai kada ya damu, shi mai son ya ga an tafi lafiya ne. Gidan bene ne ko ƙasa? Akwai kare?

Aka kashe wayar. Baba ya duba fuskarta, ya ce sabis ɗin garin nan sai addu'a. Ya ɗauki kwali na biyu.

Haka ya yi ta yi har murar Auta ta sake ta. Wasu sukan kashe tun daga tambayar farko. Wani ya ce masa gidan cike yake da ƙarti kuma duk ba sa barci, Baba ya ce to madalla, sai a nemi mai tayar roba. Wata tsohuwa ce kaɗai ta amsa masa duka, har ta ƙara da labarin ciwon gwiwarta, ranar Baba ya koma gida yana walwala, ya ce wa Inna ashe intanet ɗin nan ma akwai mutanen kirki a ciki.

Auta ta dawo shago da hankici a hannu, ta buɗe shafin, sai ta nemi kwali ta zauna. A kasuwar intanet akwai wurin da mai saye ke ba da taurari ya rubuta yadda ya ga kaya. Taurarinsu da suke cike sun zube saura ɗaya. Wani ya rubuta cewa akwati mai kyau ne, zif kamar man shanu, amma mutane su sani gungun ɓarayi ne ke sayarwa. Wani ya ce ya fasa tafiyar gaba ɗaya, yana zaune a falo da taɓarya. Wata ta ce ta canza makullan gida. Wani kuma ya ce shi da ba shi da kare, amma yanzu ya sayo, kuma karen ya cinye akwatin. A saman duka ga saƙon kamfanin: an dakatar da shafinsu sai an gama bincike.

Da ta karanta masa, Baba abu ɗaya ya kama. Ya ce ai shi ya sa yake tambaya, da mutumin ya tsaya ya saurare shi da bai haɗa kare da akwatin yadi ba.

Auta ta rufe ido ta buɗe. Ta ce masa, cikin ladabin da ya fi faɗa zafi, yanzu ba su da shafi, kuma in Allah ya sa aka buɗe, maganar sito ta tabbata, kuma ko takarda ɗaya mai lambar mutum ba zai sake taɓawa ba. Ta shige can ƙuryar shago bayan kwalaye ta kira kamfanin, suka sa mata kiɗan jira, ta zauna tana saurare tana jan hanci.

Baba ya kwashe kwalayen da ke kan benci, tunda ba inda za su, ya goge shi da tsumma, ya zauna a gefe ɗaya. Ya dubi titi. Ya dubi mai gyaran agogo da gilashinsa a ido ɗaya. Ya yi ƙoƙarin hango kansa a gida yana kallon Inna tana tankaɗe, ba wanda zai shigo ya ce masa ya dawo daga wani wuri. Ya kasa hango hakan.

Yana nan zaune sai ga wata mota ta tsaya. Wata mata ta fito da fararen kayan asibiti, nas ce, tana jan wani jibgegen akwati wanda ya kusa kai mata ƙirji. A bayanta wani dogon mutum mai gashin baki, yayanta, tsohon mai gadin banki ne da ya yi ritaya, ana ce masa Kofur. Ya zo da kulkinsa na aiki da tocila, da rana tsaka. Ashe Nas na cikin waɗanda Baba ya kira. Tun ranar ba ta yi barcin kirki ba, ta tura kujera da tebur bayan ƙofa, har ta kai ƙara wurin yayanta. Shi kuwa Kofur ya ce ba a kai wa kamfani ƙarar ɓarawo, zuwa ake yi a dube shi ido cikin ido. Ya nemo adireshin shagon a jikin kwalin.

Baba ya ga akwati, ya ga mutane, fuskarsa ta washe. Ya miƙe.

"Sannunku da zuwa. Ina zuwa?"

"Wurinka," in ji Kofur, yana buga kulki a tafin hannu. "Kai ne mai tambayar kare?"

"Ni ne. Akwai shi?"

Kofur ya juya ya dubi ƙanwarsa. A aikinsa ya ga ɓarayi iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya amsa da murna haka ba. Baba bai ma lura ba. Ya riga ya ɗauko sanda mai ƙugiya ya sauko da wani tsohon akwati da yake ajiye da shi don koyarwa, gefensa duk a yage, hannunsa saura rabi. Ya ce wannan aikin kare ɗaya ne, a wuni ɗaya. Daga nan ya shiga bayanin bene da ƙugu, da tayar roba da barcin maƙwabta, da yara da tsaraba. Ya ce su zauna mana, ba a maganar akwati a tsaye.

Kofur ya zauna don ya nuna ba tsoro yake ji ba. Sai dai ya zauna a gefen gajeriyar ƙafar, tayar da ke tokare ta fice, benci ya ɗaga, Kofur ya tafi ƙasa a hankali kamar ana sauke buhu, tocila ta gangara ƙarƙashin kantar shagon. Nas ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Baba ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa riga, ya mai da tayar, ya ce laifinsa ne da bai gaya masa gefen da ake zama ba. Daga nan dai ba wanda ya sake iya ɗaure fuska.

Da aka natsu, Nas ta ce ita dama dawo da akwatin ta zo yi. Kwas za ta je na 'yan kwanaki a wani gari. A waya duk akwatunan girmansu ɗaya, kamar akwatin ashana, ta zaɓi mai launin da ya yi mata. Da aka kawo sai da aka karkata shi kafin ya shiga ƙofa. Ɗaki ɗaya gare ta, yanzu in za ta buɗe firij sai ta fitar da akwatin waje.

Baba ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa ciwon da ya riga ya faɗa. Ya yi mata tambayoyin nan duka, wannan karon ta amsa, Kofur yana taya ta. Ya miƙa sanda can sama ya sauko da wani ɗan ƙaramin akwati ruwan toka, ya kwantar da shi, ya waiga ƙurya ya ga Auta ba ta kallo, ya hau ya zauna. Akwatin bai ce uffan ba.

Nas ta shafa shi ta ce ya yi, amma gaskiya ko wannan ba ta da inda za ta ajiye shi in ta dawo, kuma ba ta san ranar da za ta sake tafiya ba.

"To wa ya ce ki ajiye? Ki je da shi, 'yata, in kin dawo ki kawo mini abina. Ki zauna nan ki gaya mini yadda garin yake."

Ashe Auta tana ji. Kiɗan jiran kamfanin yana kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana waje. Ta fito daga bayan kwalaye da waya a manne a kafaɗa, ta gaida baƙi, ta ba Nas haƙuri, sannan ta tambaye ta: da a ce a shafin akwai wurin da mutum zai karɓi akwati haya, ya yi tafiyarsa ya dawo da shi, za ta latsa? Nas ta ce ba ita kaɗai ba, rabin ma'aikatan asibitinsu a ɗaki ɗaya suke, kowa akwatinsa a kan sif yana shan ƙura, wata ma a cikin nata take ajiye tukwane. Auta ta kashe kiran kamfanin da kanta. Ta tsaya tana kallon akwatunan nan tun daga ƙasa har rufi kamar yau ta fara ganinsu.

Buɗe shafin bai zo da sauƙi ba. Nas ta rubuta abin da ya faru, ta mai da taurarinta. Kofur ya sa aka ɗauke shi bidiyo da gashin bakinsa yana cewa shi tsohon jami'in tsaro ne, ya bincika da kansa, tsohon ba ɓarawo ba ne, son jin magana ne kawai ya yi masa yawa. Auta ta bi waɗanda aka kira ɗaya bayan ɗaya tana ba da haƙuri, mai taɓarya ya fi kowa wuyar lallashi. Ta kuma ɗauki tambayoyin Baba ta jera su a shafin, kowace da dalilinta a gefe, wanda ya ga dama ya amsa. Ta cire ta barcin maƙwabta, ta ce wannan ko da dalili ba ta da kyan gani. Baba ya yi gardama, bai ci ba.

Da kamfanin ya sake su, sai haya ta kama kamar wutar kara. Kuma ga abin da Auta ta gano da kanta: akwatin haya dawowa yake yi. Yana dawowa da zif a cije, da taya a karkace, da yashi a kusurwa. Dole a samu wanda zai karɓa, ya duba, ya shafa kyandir, ya ɗaure hannu. Dole kuma a samu ƙofar da mai sauri zai biyo ya ɗauka a hanyarsa ta zuwa tasha, ba sito a bayan layi ba. Ranar da ta je wurin mai shagon, sabunta haya ta yi. Ta dawo ta ajiye wa Baba sabuwar filaya a kan kantar shagon. Inna da ta ji, ta ce a gaida mata Nas, Allah ya yi mata albarka, ta ceci aure.

Kada ka ce an gama. Mutanen zamani ba su da lokaci, sai suka riƙa ba mai babur akwatunan ya dawo da su. Baba ya tsare bawan Allah da tambaya, yaya garin, yaya hanya, shi kuwa ya ce iyakarsa ƙofar gida, ko ruwa ba a ba shi ba. Baba ya koma shinshina akwatuna yana ƙirƙiro labari daga warin kifi da safa ɗaya da aka manta. Da abin ya ishe shi, ya sa Auta ta ƙara layi ɗaya a shafin: duk wanda ya dawo da akwati da ƙafarsa, ya zauna a benci ya ba da labarin tafiyarsa, za a yi masa ragi. Auta ta ce mutane za su yi masa ƙarya. Kuma suna yi. Akwai wanda ya karɓi akwati don ya kwashe kaya daga gidansu zuwa gidan da ke kallonsu, ya zo ya zauna ya ba da labarin jirgin ruwa da guguwa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya yi masa ragin, ya ce wa Auta ai ya gane, amma guguwar ta yi daɗi.

Kofur yanzu kullum yana shagon, ya ce gadi yake yi, ba wanda ya ɗauke shi. Ya san gefen da ake zama. Shi ne ma ke riga Baba tambayar kare. Ɗan akwatin nan ruwan toka kuwa ya zaga garuruwan da Baba bai iya faɗin sunansu daidai ba, jikinsa duk tabon lambobin tasha. Inna takan tsokane shi ta ce akwati ya fi mai shi ganin duniya. Kwanakin baya Auta ta ce ta gaji da wannan gorin, za ta saya masa tikiti ya je ko'ina yake so. Baba ya sauko da ɗan akwatin, ya hau kansa ya zauna yana tunani. Kofur ya dube shi ya ce, "Ina zuwa? Wa za a bari a shago?" Har yanzu bai ba da amsa ba, kuma bai sauka daga kan akwatin da wuri ba ranar.

To kai fa, da kake zaune da jaka a gefe: in gobe wayarka ta yi ƙara, ka ji muryar wani tsoho ya karanto maka lambar gidanka cikin fara'a, ya ce akwai kare, kashewa za ka yi, ko za ka tsaya ka ji dalili?